RA'AYINMU: Jinya A Gida, Wa Ke Da Ta Cewa?

Duk wanda ya taɓa zaman neman abinci a Kudu, ko a Agege ne, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya san irin wayar nan da kan shigo bayan sallar asuba. Ƙane ne ko ƙanwa daga gida: "Yaya, an sallamo Inna daga asibiti, jiki da sauƙi, sai dai a turo na magani." Mutum ya yi hamdala, ya tura abin da ya sawwaƙa, ya koma bakin sana'arsa yana ganin ya sauke nauyi. To, a yau muna so mu tsaya a kan abin da ke biyo bayan wannan waya, watau watannin da Inna za ta yi a kwance a ɗakinta, inda babu likita mai zagaye, babu takardar da ake rubuta abin da aka ba ta, babu kuma wanda za ta kai wa ƙara in an cuce ta.

Mun ɗauki Suleja don misali, domin da wuya a sami garin da ya fi ta nuna wannan al'amari a fili. Kamar yadda aka sani, ita ce Abuja ta asali, garin da Abu Ja ya kafa bayan fitowar sarakunan Zazzau na Haɓe daga Zariya. Da aka ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976 sai ta ba da sunanta, ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin, musamman bayan da gwamnati ta taso daga Ikko a Disamba 1991, jama'a ke ta kwararowa. Ma'aikacin da hayar birni ta fi ƙarfinsa, da wanda rusau ya koro, da ɗan kasuwa, duk nan suka sauke kaya, har ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 200,000 a ƙaramar hukumar. Amma gadajen Babban Asibitin Suleja ba su hayayyafa kamar yadda mutane suka hayayyafa ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani akan tura shi Gwagwalada, ko Abuja, ko Minna, can kuwa kowane dare da kuɗinsa. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Saboda haka da zarar majinyaci ya iya haɗiye kunu, sai iyali su nemi sallama, ko asibiti ya ba da ita don a sami gado. Mai shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon sukari da gyambo a ƙafa, da wadda aka yi wa fiɗa wajen haihuwa, duk a gida suke ƙarasa jinya. Haka ma waɗanda suka tsira da ƙuna a gobarar tankar mai ta mararrabar Dikko ran 18 ga Janairu 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 80: duk wanda ya san ƙuna ya san wankin ciwonta ba na mako ɗaya ba ne. A taƙaice, asibitin da ya fi kowane girma a Suleja shi ne ɗakunan Bagama, da Magajiya, da Kurmin Sarki, da Kwamba, da Madalla.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru game da haƙƙin marar lafiya ba. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Akwai kuma Takardar Haƙƙoƙin Majinyata, mai ɗauke da haƙƙoƙi 12, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar ran 31 ga Yuli 2018, bisa aikin hukumar kare masu sayen kaya tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Sai dai duk wanda ya duba su zai ga cewa waɗanda suka tsara su asibiti suke hange, da gadonsa da ofishinsa da fayil ɗinsa. Mu kuwa a namu ra'ayi, haƙƙin majinyaci ba ya tsayawa a ƙofar asibiti ya ce sai wata rana. Yana bin mai shi har kan tabarmarsa. Bambancin kawai shi ne, a gida babu hukumar da za ta tsare masa shi sai danginsa, su kuwa dangi, da kyakkyawar niyya, sau da yawa su ne kan fara tauye shi.

Mu fara da haƙƙin sani. Sashe na 23 na dokar 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da jikinsa ke ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji. To, yaya abin yake a wurinmu? Likita ya ja babban ɗa gefe, ko ya yi magana da shi ta waya da Turanci yana can Idi-Araba, ya gaya masa ƙoda ce ta taɓu, ko kuwa ciwon daji ne. Ɗa ya kira ƙannensa ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa tsohuwa, kada hankalinta ya tashi. Maƙwabta su sani, surukai su sani, har mai kemis na bakin layi ya sani, ita kaɗai mai jikin ake ce wa ai shawara ce, ko sanyi. Ba mu ce babu tausayi a cikin wannan ba. Akwai, kuma dokar ma ta yarda a sassauta bayani idan akwai hujja mai ƙarfi cewa faɗar zai cutar da shi. Amma a dubi abin da ake hana ta. Matar da ta haifi tara, ta binne miji, ta aurar da jikoki, ba yarinya ba ce da za a yi wa wayo. Wataƙila akwai bashi a kanta da take so ta biya, ko ajiyar wani a ƙasan adakarta, ko 'yar'uwar da suka shekara biyar ba sa ga maciji take so su yafi juna, ko wasiyyar da take so ta bari. Ban da wannan ma, wanda bai san ciwonsa ba ba zai san dalilin maganinsa ba. Wadda aka ce wa sanyi ke damunta, don me za ta daure da barin gishiri da kanwa, ko ta ci gaba da haɗiyar ƙwaya bayan ta ji ƙarfin jikinta? Akwai hanyar faɗar magana mai nauyi a hankali, a gaban wanda take jin nauyinsa, a bar ta ta tambayi iyakar abin da take so ta ji. In ta ce ba ta son sani, a gaya wa ɗanta, to, wannan ma zaɓinta ne, sai a bi.

Daga sani sai yarda ko ƙi, nan kuma maganar ta fi shafar mu mazauna Kudu. Lalle ne mu faɗa wa kanmu gaskiya: wanda ke aiko da kuɗi yakan ɗauka shi ke da ta cewa. Daga rumfarsa a Alaba Rago zai yanke hukunci a ɗauke Baba daga hannun likita a kai shi wurin mai magani a ƙauye, ko kuwa a mai da shi asibiti a yi masa aikin da ya ce ba ya so, in an musa ya ce to a nemi mai biya. Alhali kuwa kuɗin magani ba ya sayen jikin mai shan magani. A 2001, cikin shari'ar da ake kira ta Okonkwo, wadda ta taso daga wata majinyaciya da ta ƙi ƙarin jini saboda addininta, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar cewa baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani ko da likita na ganin ransa na cikin haɗari. In har likita da iliminsa ba shi da ikon tilasta wa, ina ga ɗan da ke nesa da tafiyar yini guda, wanda bai ga yadda kafar ta kumbura ba? Ɗa yana da ikon lallashi, da ba da shawara, da kawo wanda zai yi bayani, har da nuna ɓacin ransa. Hukuncin ƙarshe na mai jiki ne muddin yana cikin hayyacinsa. In hankali ya gushe, ko tsufa ya rikita tunani, ko yaro ne ƙarami, sa'an nan magana ta koma hannun waliyyai, su ma abin da ake nema gare su shi ne su bi abin da ya fi masa alheri, ba abin da ya fi musu arha ba.

Akwai wani reshe na wannan magana da ba za mu tsallake ba. Da yawa daga cikinmu sun bar iyali a gida. Sau nawa aka ji mace na zubar da jini bayan haihuwa, ko yaro na sanƙarewa da zazzaɓi, ana tsaye ana ta neman maigida a waya don ya ba da izinin fita, wayarsa kuwa a kashe yana cikin mota ko kasuwa? Maganin wannan a hannunmu yake, ba ya kuma cin ko kwabo. Kafin mutum ya kama hanya ya tara matarsa da mahaifiyarsa da ƙanensa ya faɗa a gabansu cewa duk ranar da ciwo ya tashi a tafi asibiti, izininsa na nan tun yau. A kuma sani, sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuwa akwai tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu.

Sirri ma haƙƙi ne, sashe na 26 ya tanade shi. A da, abin da ake tsoro shi ne bakin masu dubiya. Yanzu an sami sabon salo, a ɗauki hoton dattijo a kwance, babu riga, da robar fitsari a jikinsa, a watsa a WhatsApp na 'yan gari don neman taimako. Neman taimako ba laifi ba ne, amma an tambaye shi? Mutumin da bai taɓa fita zaure babu hula ba! Dubiya kuwa ɗabi'a ce mai kyau da addini da al'ada suka ƙarfafa, sai dai in ɗaki ya cika tun hantsi har la'asar, kowa da irin maganin da zai ba da labari, marar lafiya ba ya samun barci, ba ya kuma iya neman a kai shi bayan gida don kunya. Yana da ikon a ce da baƙi yau yana hutawa.

To, wa ke yin maganin a gida? Nan ne bango ya fi tsagewa. A kusan kowace unguwa akwai wanda ake kira "nas" ko "dakta", wanda ke zuwa da jaka da yamma, ya yi allura, ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ke jikin bango. Wasunsu ƙwararru ne masu takarda da ke neman ƙari bayan sun tashi daga aiki. Wasu kuwa sun koyi abin ne da ido a wani asibitin kuɗi ko bayan kantar kemis. Ba mu raina kowa ba, mun san da yawansu su ne ke tashi da tsakar dare in talaka ya buga ƙofa. Amma doka a bayyane take. Tun 1979 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ce ke da ikon yi wa nas rajista da ba shi lasisi, ba ta kuma san wani matsayi wai shi mataimakin nas da aka horar a ɗakin likita ba. Mai ƙaramin kemis, lasisinsa na sayar da magungunan da ba su bukatar takardar likita ne, bai ba shi ikon yin allura ko ɗaura ruwa ba. Dalilin kuwa ba son kai na masu boko ba ne. Mutanenmu sun ɗauki ƙarin ruwa tamkar shi ne ƙarshen gata, har ɗa kan yi alfahari cewa leda shida ya biya wa mahaifinsa. Amma ga mai ciwon zuciya ko ƙoda, ruwan da jiki ya kasa fitarwa huhu yake tafiya, numfashi ya gagara. Ruwa mai sukari a jikin mai ciwon sukari ba tare da awo ba na iya jefa shi cikin suma. Allurar kashe zafin ciwo da ake maimaitawa kullum tana cin ƙoda da tumbi. Allurar ɗuwawu in ta kauce ta sami babbar jijiya tana iya barin yaro da jan ƙafa har abada. Sirinjin da aka maimaita kuwa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Saboda haka majinyaci, ko wanda ke tsaye a kansa, yana da ikon ya tambayi mai zuwa gida sunansa na gaskiya, da inda ya yi karatu, da lasisinsa. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya. Yana da ikon ya san sunan abin da za a tsira masa, ya ga an ɓare sabon sirinji a gabansa, a kuma gaya masa kuɗin aiki tun kafin a fara. Ga wata 'yar dabara da muke roƙon kowane gida ya ɗauka: a sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta a ajiye a gefen gado. Duk wanda ya ba da magani ya rubuta rana, da sunan maganin, da yawansa, ya sa hannu. Ranar komawa asibiti a tafi da shi. Mai tura kuɗi daga Kudu kuma, maimakon "yaya jikin?" kaɗai, ya ce a karanto masa abin da aka rubuta a makon. Wanda ya ƙi rubuta abin da ya yi, ya riga ya ba da amsa game da kansa.

Har wa yau, ba za mu yi adalci ba in muka nuna kamar majinyaci haƙƙi kawai yake bi, ba a binsa komai. Takardar 2018 kanta ta jera abin da ke wuyansa. Na farko gaskiya. In yana haɗa maganin asibiti da jiƙo ko sassaƙe, ya faɗa, domin likita ya san abin da ke haɗuwa a cikinsa. In ya daina shan ƙwaya ya faɗa, kada a ɗauka maganin ne bai yi ba a ƙara masa mai ƙarfi. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a warke, barin maganinsa ranar da aka ji daɗi shi ne ke kawo shanyewar jiki ta biyu. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma wata 6 ake sha, wanda ya yanke a wata na biyu yana jawo wa kansa irin tarin da ba ya jin magani, ya kuma rarraba wa jikokin da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. A nan ikonsa na ƙi ya ci karo da haƙƙin wasu, dole ya duba. Sai kuma mutunta mai yi masa aiki. Sashe na 21 na dokar 2014 ya ba ma'aikacin lafiya ikon janye hannu daga wanda ke zaginsa, ko dukansa, ko neman sa da lalata, in ba mai taɓin hankali ba ne. Yarinyar da ta shigo gidan mutane ita kaɗai da magariba don wanke gyambo amana ce a hannun masu gida. A kuma biya ta haƙƙinta a kan lokaci, kada a riƙa ce mata sai Alhaji ya turo daga Ikko.

Akwai kuma wadda babu dokar da ta ambace ta, ita ce kuwa ke ɗauke da jinyar gaba ɗaya. Yawanci matar ɗa ce, ko 'yar auta, ko jikar da aka cire daga makaranta "na ɗan lokaci" har shekara ta zagayo. Mai shanyewar jiki ana bukatar a juya shi kamar kowane awa biyu, dare da rana, in ba haka ba baya da ɗuwawu su ɓarke da gyambon kwanciya. Ana bukatar a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe, a wanke shi, a sauya shimfiɗa, a motsa masa gaɓoɓi. Mace ɗaya ce ke wannan, ga girki, ga goyo, sa'an nan in an ga ƙuraje a bayan tsoho a bugo waya daga Kudu ana faɗa. Mu da ke nesa ya kamata mu ji kunyar wannan. In ana lissafin kuɗin magani a sa nata kason a ciki, a fili, da sunanta. A saya mata safar hannu da sabulu da leda ta shimfiɗa. A raba kwana tsakanin 'ya'ya, maza da mata, domin babu abin da ya hana namiji juya mahaifinsa ko yi masa wanka. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a waya ba. Daga Ikko zuwa Suleja tafiyar yini ce ko kwana, mako biyun da mutum zai rufe rumfa ya karɓi jinya ba zai talauta shi ba. Yarinyar nan kuma a mai da ita aji.

Ga hukuma muna da 'yan bukatu, ba kuwa masu tsada ba. Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka gina tsarin lafiya matakin farko a kan cewa ma'aikatan lafiya na unguwa za su riƙa shiga gidaje, ba zaman jiran marasa lafiya a ɗakin shan magani kaɗai ba. Dokar 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don asusun kula da lafiya a wannan mataki. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja da Ƙaramar Hukumar Suleja su farfaɗo da wannan ziyara, ta yadda duk wanda aka sallama da ciwo mai tsawo za a miƙa sunansa ga cibiyar lafiya ta mazaɓarsa, a leƙa shi ko sau ɗaya a mako. Kada a sallami kowa sai da takarda cikin Hausa, ko harshen da mutanen gidan ke ji, mai bayyana maganinsa, da alamun da in an gani a dawo da shi nan take, da ranar komawa. A kuma liƙa a kowace cibiya sunayen ma'aikata masu lasisi da suka yarda a kira su gida, tare da inda za a kai kuka in an ga ba daidai ba, gama sashe na 30 na dokar ya ba kowa ikon kai ƙara a kuma bincika.

Su kuma Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Suleja da sauran garuruwa, suna da rawar takawa. Asusun da ake tarawa don kai gawa gida abu ne mai kyau, Allah ya saka. Amma tun 2022 doka ta mai da inshorar lafiya wajibi a kan kowane ɗan ƙasa, Jihar Neja kuma tana da nata shirin mai suna NiCare. A taron wata mai zuwa, bayan an karanta kuɗin da suka shigo, muna so sakatare ya ɗauki sunan duk wanda ke da tsoho ko majinyaci a gida, a tambaye shi ko ya yi musu rajista, da sunan wanda ke yi musu allura, da ranar da shi kansa zai tafi ya karɓi jinya.